Muhawara: Yaya ake tsufar da ƙaramin jirgin ƙasa har ya yi kama da na gaske?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da kan jirgin dizal da taragun kaya, ƙanana irin na ma'aunin HO, wato girmansu kashi 1 cikin 87 na jirgin gaske, na hannu ne yayana ya aiko mini daga Jamus. Na shimfiɗa layi a kan falanki, na zuba tsakuwa, na yi 'yar tasha da kwali. Komai ya zauna daidai sai jirgin kansa. Ƙyalli yake yi, duk wanda ya shigo sai ya ce ai kayan wasan yara ne. A bidiyon Turawa ina ganin yadda suke tsufar da nasu, su sa tsatsa da baƙin hayaƙi har ka rantse hoton na gaske ne. To da me zan yi nawa a nan Sakkwato, tunda fentin da suke ambata babu shi a kasuwarmu? Kuma daga ina ake farawa?

Alhajin Gawon Nama:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, shawarata ka bar kayanka yadda suke. Abin da aka ƙera da kyau, aka yi masa fenti a masana'anta, ya tsallako teku ya iso hannunka lafiya, kai kuma ka ɗauki buroshi ka shafa masa datti da gangan? Nawa suna cikin kabad na gilashi, da kwalayensu a ajiye. Masu tara irin waɗannan kaya, na kamfanin Märklin ko na Hornby, sun fi daraja wanda ba a taɓa ba. Ranar da za ka sayar, wanda ka ɓata kuɗinsa ya faɗi.

Ɗan Mabera:
Gaskiya ne Alhaji, amma ni ba don sayarwa na ajiye ba. So nake idan na duƙa na kalli tashar nan a daidai idona, in ga abin da zan gani da a ce ina tsaye a bakin layin dogo.

Mai Fenti na Sahara:
Alhaji, da girman kujerarka, ku biyun ba abu guda kuke nema ba. Kai kana adana kaya ne, shi kuwa hoto yake son ginawa. Ni fentin mota ne sana'ata, don haka bari in fara da abin da zai iya kashe masa kaya tun ranar farko. Ɗan Mabera, kada tinar fentin mota ta kusanci jirgin nan. Jikinsa roba ce mai tauri, tina tana cinye ta, sai ka ga ta yi laushi ta yamutse, kuma babu gyara. Fetur ma haka. Fentin ruwa irin na masu zane, wanda ake sirkawa da ruwa, shi ne abokin tafiyarka. Kafin komai ka cire gangar jikin daga kan injin, ka wanke ta da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori don maiƙon yatsu ya fita, ka bar ta ta bushe sarai. Gilasan taga da fitilu ka rufe su da salatif na takarda.

Malama Mai Zane:
Sannunku da hira. Ni abin da ya tsaya mini shi ne maganar bidiyon Turawa. Ɗan Mabera, jirgin wace ƙasa kake son ginawa? Domin jirgin da ya tsufa a Jamus daban yake da wanda ya tsufa tsakanin Zariya da Gusau. Can ruwa da danshi ke cinsa kusan duk shekara, shi ya sa kake ganin tsatsa mai duhu da zirin baƙi-baƙi har da gansakuka. Mu nan damina wata uku ce zuwa huɗu, sauran shekara rana ce da ƙura. Abin da ke tsufar da ƙarfe a ƙasarmu koɗewa ne kafin tsatsa. Ja yana komawa fari-fari kamar an sirka shi da madara, kore ya yi toka-toka, baƙi ya daina zama baƙi. Ka dubi rigar shuɗi da aka daɗe ana sawa, kafaɗa ce ke fara koɗewa, ƙarƙashin hammata yana nan da launinsa. Haka tarago yake: rufi da saman bango sun sha rana, ƙarƙashin lanƙwasa da bayan ƙofa suna riƙe da tsohon fenti. In ka kwafi abin da Bature ya yi wa nasa, za ka samu jirgi mai kyau amma ba na nan ba.

Ɗan Mabera:
Malama, wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba. Na Arewa nake so. To amma ina zan ga na gaske in kwaikwaya, mu da jirgi bai taɓa zuwa garinmu ba?

Injiniya:
Wannan gaskiya ce mai ciwo. Layin dogo ya isa Kano a 1911, reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, bai ƙara gaba ba. Tun daga lokacin Sakkwato take jira. A wancan zamanin kayanmu, gyaɗa da auduga da fatun jar akuya, sai an kai su Gusau ko Ƙaura kafin su hau jirgi. Kuma akwai abin da ya kamata ka sani game da ma'auni. HO yana nufin kashi 1 cikin 87, faɗin layinsa milimita 16.5. In ka ninka sau 87 za ka samu kusan milimita 1435, wato faɗin sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Tsohon layinmu na Gusau kuwa ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1067. Wanda yake son ya yi shi daidai a HO sai ya nemi layi mai faɗin milimita 12. Ba cewa nake ka tayar da abin da ka shimfiɗa ba, amma ka san wanda kake ginawa.

Mai Fenti na Sahara:
Injiniya ya kawo lissafi, ni bari in kawo inda za a kalla. Ba sai ka je Gusau ba. Ka tafi hanyar Kalambaina ka tsaya ka dubi tirelolin siminti. Ka dubi tankokin mai da ke fakin a bakin hanya, da gingimarin da ke lodin albasa. Rana guda ce ke dukansu, ƙura guda ce ke hawansu. Ka lura da inda ƙura take kwanciya: kan duk wani abu mai faɗi, cikin kusurwa, bayan ƙusa. Ka lura da bakin tankin gas, yadda man da ya zuba yake jan ƙura ya zama baƙin danƙo mai ɗan sheƙi. Ka ɗauki hoto da wayarka, da safe ko da la'asar lokacin da haske bai yi tsanani ba. Hoton nan shi ne malaminka, ka ajiye shi a gabanka kana aiki.

Ɗan Illela:
Ni ina ganin an tsawaita. Ka ɗebo jar ƙasa a bayan gida ka barbaɗa masa, ka ga ƙura ta gaske kenan, ba kuɗi ba wahala.

Injiniya:
A'a ɗan'uwa, a nan kam ban yarda ba. Abu biyu ne. Na farko, ƙwayar yashi mai rabin milimita, a ma'aunin HO ta zama dutse mai fiye da santimita 4. Ba ƙura ka zuba ba kenan, tsakuwa ka zuba. Na biyu ya fi haɗari. Jar ƙasarmu ƙarfe ne ya sa ta ja, kuma a cikin ƙasa da yashi ana samun ɓarɓashin da maganaɗisu ke ja. Motar lantarki, wato ɗan injin da ke juya ƙafafun jirgin, tana da maganaɗisu a ciki. Za ta zuƙo ɓarɓashin nan, ya shiga haƙoran giya ya gauraya da giris, ya riƙa cin su a hankali. Ga kuma layin da wutar lantarki ke bi ta shiga jirgin, in ya yi datti jirgi ya dinga tsayawa yana fizga.

Ɗan Illela:
To ai ni na yi wa taragun da na ƙera da gwangwani da kwali, ban ga abin da ya same su ba.

Injiniya:
Naka babu mota a ciki, kuma sun fi nasa girma nesa. A kan irin naka babu laifi. In ma dole sai an yi da ƙasa a kan ƙananan, to a daka ta, a tankaɗe da ƙyalle mai laushi ba rariya ba, a gasa ta a tsohuwar tukunya don ƙwari da danshi, a bi ta da maganaɗisun tsohuwar lasifika a naɗe cikin leda har sai ya daina kamo komai. Sannan a tsaya da ita a kan taragu da gefen layi. Kan jirgi kuwa a bar shi da fenti.

Malama Mai Zane:
Ina tare da Injiniya, kuma akwai abin da ya fi ƙasa sauƙi. Allin zane mai launi, busasshe ba mai maiƙo ba, ana samunsa a shagunan kayan makaranta. A goga shi a kan samfefa ya zama gari. Launi huɗu sun isa: ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa, toka da baƙi. Ana ɗiba da busasshen buroshi mai laushi a shafa. Hodar kwalliyar ido ta mata ma tana yi ƙwarai, muddin ba mai ƙyalƙyali ba ce, don ta fi alli laushi kuma ta fi kama jiki. Amma ku lura, ba duk ƙurarmu ce ja ba. Ƙurar hunturu fara ce mai ɗan toka. Yawancinta daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar farin gari na ragowar ƙananan halittun ruwa. Ita ce ke sauka daga sama ta kwanta a kan rufi. Jar kuwa ƙafafu ne ke tayar da ita daga ƙasa. Don haka a tarago ɗaya launi biyu ne: fari-fari a sama, ja-ja daga gindi zuwa kamar kashi ɗaya cikin uku na bango, yana raguwa yana hawa.

Baba na Gusau:
Salamu alaikum. Ɗiyana, jikana ya karanta min abin da kunka rubuta, nic ce sai na sa baki, don abin ga da kuke gardama a kai na gane shi da idona. Kusa ga tashar Gusau anka haihe ni, mahaihina dako ya yi nan. Sa'adda muna yara jirgin kwal ne, wanda aka zuba ma gawayin Inugu. Malama ta yi gaskiya ga zancen ƙura. Amma ku ji wani abu. Kan jirgi na hwasinja ba shi zama da dauɗa yadda kuke zato. Akwai yaran da aikinsu kenan, su bi shi da tsumma da mai suna gogewa, tukunyar tana sheƙi. Sheƙin mai ne, ba na sabon fenti ba. Na kaya shi anka bari da ƙazanta. Kuma gaban jirgi, wurin da bututun hayaƙi yake, ba shi sheƙi ko an goge, don zahi ya ƙone fentin, ya koma toka-toka. Daga wurin usur da inda tururi ka hita za ka ga hwarin ziri ya gangaro, wanga gishirin ruwa ne da ya bushe. Ƙarƙashin wurin wuta toka ce hwara. Sandunan da ka juya ƙahwahu kullum jiƙe suke da mai.

Ɗan Mabera:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Wannan ba a samunsa a bidiyo. Baba, taragun fa?

Baba na Gusau:
Amin ɗana. Taragu kowane da irin dauɗarsa, gwargwadon abin da yake ɗauka. Na gyaɗa, bakin ƙohwa duk ya goge don jan buhuna, itacen ƙasa ya yi santsi. Na auduga za ka ishe zare-zare hwari ya maƙale ga ƙusoshi da tsagar katako. Na shanu tun daga nesa ka san shi, kashi da hitsari sun ɓata katakon ƙasa, sun gangaro ta tsakanin sanduna. Kuma ma'aikata suna rubutu da alli ga jikin tarago, lamba ko sunan tashar da za a kai shi, wani bisa wani, tsoho bai gama gogewa ba an yi sabo. In kunka yi taragu goma da dauɗa iri guda, duk wanda ya san jirgi zai gane ƙarya ce. Cikin jerin nan kullum akwai guda ko biyu da sunka hito gyara da sabon fenti.

Alhajin Gawon Nama:
Baba ya faɗi abin da nake so a ji. Ashe ba kowane jirgi ne mai datti ba. Abin da ke ɓata mini rai da masu wannan aiki shi ne wuce gona da iri. Sai ka ga an mayar da kan jirgi kamar wanda aka tsamo daga juji, alhali an ce yana aiki yana jan kaya. Injin da ya yi irin wannan tsatsar ai ba zai motsa ba.

Mai Fenti na Sahara:
A nan kam Alhaji mun haɗu. Tsatsa mai yawa ta abin da aka yasar ce. Mai aiki yana da tsatsa a wurare sanannu: maƙalar da ke haɗa tarago da tarago, sifirin, gefen ƙafa, da inda fenti ya ɓantare saboda duka. Kuma launin ruwan ƙasa da kuke gani ya rufe ƙarƙashin tarago, yawancinsa garin birki ne. Takalmin birkin na ƙarfen zubi ne, yana goguwa a jikin ƙafa, garin ya watsu ya yi tsatsa a inda ya sauka. Shi ya sa yake da laushi bai ɗaya, ba tabo-tabo ba.

Ɗan Mabera, ga yadda zan bi da shi in ni ne. Bayan wanki, a fesa banish, wato fentin nan marar launi da ake rufe aiki da shi, marar sheƙi kuma siriri, don gari ba ya kama roba mai santsi. Sai koɗewa: fentin ruwa fari da ɗigon ruwan ƙasa, a sirka shi sosai har ya zama ruwa-ruwa, a shafa a bar shi ya bushe, a sake, har rubutun jikin taragon ya fara dushewa. Gara a yi sau da yawa siriri da a yi sau ɗaya da kauri. Sai baƙin ruwa mai ɗan ja, shi ma tsararo, a ɗiga a tsagogi da ragar iska da gefen ƙofa, ya bi lungu da kansa. In ka sa ɗigon sabulun ruwa a ciki ba zai dunƙule ba. Sai zirin ruwan sama: a ɗiga ɗan fenti a saman bango, a ja shi ƙasa da buroshi mai faɗi mai ɗan danshi. Kullum daga sama zuwa ƙasa, a miƙe. Ziri ɗaya ya karkace, ido zai kama shi. Gari shi ne na ƙarshe.

Malama Mai Zane:
Ƙari kaɗan a kan baƙi. Kada a yi amfani da baƙi wuluk ko a kan hayaƙin rufi. In kana kallon jirgin daga nisan mita 1, daidai yake da kallon na gaske daga mita 87, kuma daga irin wannan nisa iska tana rage wa launi ƙarfi, balle a garin da hazo ke yi. A sirka baƙin da ɗan fari da ruwan ƙasa. Ni fentin mai na masu zane na fi so wajen ziri, don yana jinkirin bushewa, kana da lokacin gyarawa ko gogewa. Amma sai an fara rufe robar da banish na ruwa, kuma a sirka da farin man da masu zane ke amfani da shi, ba kananzir ba. Kananzir yana barin maiƙo.

Mai Fenti na Sahara:
Malama, a nan zan ɗan saɓa miki. Jinkirin bushewa a garin nan matsala ne. Fentin mai yana kwana biyu ko fiye yana danƙo, kuma in hunturu ne duk ƙurar ɗaki a kansa za ta ƙare, har da zaren tufafi. Zare ɗaya a kan tarago ya zama igiya.

Malama Mai Zane:
Sai a kifa masa roba mai murfi ko kwali mai tsabta, Malam. Ai fentin ruwan ma yana da nasa. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, kafin ka kai buroshi jikin tarago ya bushe, ya bar maka tabo mai baki-baki da ba ya fita.

Mai Fenti na Sahara:
Haka ne, shi ya sa nake cewa a yi aikin bayan asuba. Ko mu a gareji ba mu son feshi da tsakar rana, fentin yana bushewa a iska kafin ya sauka, jiki ya yi garas-garas. A yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, a kashe fanka. Da damina kuma, ranar da aka yi ruwa kada a fesa banish, danshi yana sa shi ya yi fari kamar an shafa alli. Kowa dai ya riƙe wanda hannunsa ya saba da shi, ni na ruwa, Malama na mai.

Ɗan Illela:
Wajen sheƙin ƙarfe fa, irin na matakala da hannun ƙofa da ya goge? Na ga kwalli yana bayar da irin wannan ƙyallin sosai.

Injiniya:
Yana bayarwa, amma ka bar shi. Kwallin dutse na gargajiya yawancinsa ma'adinin dalma ne. Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara mun san abin da garin dalma ya yi wa yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010. Ba abin da za a riƙa dakawa ana hurawa a ɗakin da yara ke shiga ba ne. Fensir mai laushi yana yin aikin. Ka goga bakinsa a gefen matakala ko ƙarfen riƙewa, ka murza da yatsa. Sai dai wutar lantarki tana bi ta cikin bakin fensir, kada garinsa ya shiga wurin wayoyi.

Tunda na zo kan wuta, ga abin da ba na son a manta. Inda ƙafa ke taka layi, da bayan ƙafar inda siririn tagulla ke gogarta yana ɗaukar wutar lantarki, kada fenti ko banish ya taɓa su. In ya taɓa, a goge da auduga da sifirit tun bai bushe ba. Amma sifirit ɗin ya tsaya a ƙarfe, don yana iya cire fentin jiki da rubutu. Gefen layin dogon kansa a shafa masa ruwan tsatsa, saman kuwa a goge shi tas. Jirgi mai ƙura a kan layi mai ƙyalli ta ko'ina ba ya yin kyau.

Ɗan Mabera:
Na gode Injiniya. Wata tambaya: bayan na sa garin alli, in sake fesa banish a kai ko in bar shi?

Malama Mai Zane:
Nan ma ba a haɗu ba. In ka fesa, rabin garin zai ɓace, musamman mai haske, sai ka sake sawa ka sake fesawa. In ba ka fesa ba, duk inda ka riƙe sai yatsanka ya fito. Ni a kan taragun da ake ɗauka kullum ina fesawa daga nesa, sama-sama. A kan rufi da ƙarƙashi inda hannu ba ya zuwa ina barinsa haka, don laushin ƙura na gaske a nan yake. Kuma ka tuna maganar Baba: wurin mai da gas ya kamata ya yi sheƙi. Wannan sai a ƙarshe, da ɗigon banish mai sheƙi a bakin buroshi, a bakin tanki da kan akwatin giris na ƙafafu.

Baba na Gusau:
Ɗiyata kin riƙe zancen. In ƙara muku guda. Waɗansu kawunan jirgin kwal suna da suna ga jikinsu, sunayen gulabe anka sa musu. Allon sunan da lamba, ko jirgi ya yi dauɗa, direba shina sa a goge mai su. Haka gilashin da yake leƙe ta ciki da ƙarhen da yake kamawa shi hau. Duk inda hannun mutum ka zuwa kullum, wurin shina da tsabta. Ku bar ma mutanen da sunka yi aikin ga alamarsu.

Injiniya:
Haka ne Baba, waɗannan su ne masu tsarin ƙafa 2-8-2, wato ƙananan ƙafafu biyu a gaba, manya takwas a tsakiya, ƙanana biyu a baya, da aka ƙero yawancinsu a Birtaniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Dizal ya fara shigowa ne a wajen 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, amma kwal ya ci gaba da aiki shekaru bayan haka. Don haka wanda ya haɗa na kwal da na dizal a tasha ɗaya bai saɓa wa tarihi ba. A na dizal ɗin Ɗan Mabera, maganar Baba tana nufin a goge inda waifa ke bi a gilashin gaba, a bar ƙura a gefe. Ana yanka salatif a siffar rabin da'ira a manna kafin a yi ƙurar, a cire daga baya.

Alhajin Gawon Nama:
Har yanzu kawunan jirgina ba za su ga buroshi ba, wannan na gama magana. Amma ina da wani tarago da ƙofarsa ta karye, ba shi da kwali. Shi zan iya bayarwa a gwada a kansa, da sharaɗin a yi shi irin na gyaɗa yadda Baba ya kwatanta, ba juji ba. Kuma ƙanena, kada ka fara da kan jirginka. Ka sayi motar wasan yara ta roba a kasuwa ka koyi hannu a kanta tukuna. Kada kuma ka bar kayan a cikin mota a rana in za ka kawo, robar tana lanƙwashewa.

Ɗan Mabera:
Na karɓi sharaɗin Alhaji, Allah ya saka da alheri. Gobe in sha Allahu zan bi hanyar Kalambaina in ɗauko hotuna, in sa su a nan kowa ya gani kafin in taɓa komai. Baba, in jikanka zai taimaka, ina son ka faɗa mana launin katakon cikin taragon shanu, da ko rufin taragun gyaɗa kwano ne ko tamfol ake rufawa.

Mai Fenti na Sahara:
In hotunan sun samu ka zo da taragon Alhaji gareji ranar Asabar da sassafe, kafin iska ta tashi. Ina da ƙaramar bindigar feshi, zan rage ƙarfin kwamfaresa mu yi koɗewar tare. Ka taho da allin da samfefa, Malama kuma ta turo mana yadda take haɗa launin ƙurar hunturu.